Kuɗin Abincin 'Yan Rabin Aji da Yadda A Ke Tsare Shi

Maganar yau ƙarama ce ga ido, amma kuwa babu gidan da ba ta shafa ba. Ita ce maganar abin da yara 'yan shekara uku zuwa biyar za su sa a baka da hantsi a makaranta, da wanda zai biya kuɗinsa, da yadda za a tsare kuɗin nan kada ya salwanta. An ɗauki Kinkinau misali, watau unguwar nan ta Kaduna da ke arewa da kogi, kusa da Tudun Wada da Unguwar Mu'azu, domin abin da a ke gani can shi a ke gani cikin yawancin manyan garuruwan Arewa.

A unguwa irin wannan, ƙananan yara su kan kasu uku. Waɗansu suna rabin aji na makarantar firamare ta Gwamnati, waɗansu suna makarantun kuɗi, waɗansu kuwa suna Islamiyya. Dukansu da sassafe su ke barin gida, da yawansu ba su komawa sai rana ta take. Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar abin da zai riƙe shi tun safe har azahar. In hantsi ya dubi ludayi bai sami kome ba, sai kuka, ko gyangyaɗi, ko faɗa da na kusa da shi. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya, yaro mai jin yunwa kuwa ba ya jin karatu.

Lamarin ya wuce na kuka. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. A Arewa maso Yamma, inda Kaduna ta ke, adadin ya kai 57 cikin 100. Ashe ke nan ƙosai biyu da kofin kunun gyaɗa da a ke miƙa wa ɗan rabin aji ba abin rainawa ba ne.

ABIN DA GWAMNATI TA YI

Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin ilmin tushe, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin taimakon jihohi. Cikin 2013 aka shigar da shekara guda ta share fage, kafin aji ɗaya, cikin manufar ilmi ta ƙasa. Amma buɗe aji daban, ɗora tukunya daban.

An fara gwajin ciyad da 'yan makaranta cikin 2005 a jihohi 12 da Abuja, sai ya shiririce a yawancinsu. Cikin Janairu 2016 Gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya buɗe shirin ciyad da 'yan firamare wajen miliyan ɗaya da rabi, a kan Naira 50 kowane yaro kowace rana. Yara suka yi ta tururuwa zuwa makaranta, dubban mata suka sami aikin dafuwa. Amma nauyin ya fi ƙarfin baitulmalin jiha ita kaɗai, kafin shekara ta zagayo shirin ya tsaya. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da nata cikin Yuni 2016 a kan Naira 70, domin 'yan aji ɗaya zuwa uku. An ƙara kuɗin zuwa Naira 100 cikin 2022, sa'an nan cikin Janairu 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi domin a yi bincike.

Akwai darasi uku cikin wannan tarihi. Na fari, tsarin Tarayya ya soma ne daga aji ɗaya, saboda haka ɗan rabin aji, wanda ya fi kowa bukata, ba a lasafta da shi ba. Na biyu, kuɗin da aka yanke sau ɗaya aka bari, kasuwa ta kan cinye shi. Bayan da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023, tsadar abinci ta hau, har a tsakiyar 2024 ta haura kashi 40 cikin 100 bisa ga ta shekarar da ta gabata, Naira 100 kuwa ta kasa sayen ƙwai guda. Na uku, tukunyar da ke jiran kuɗi daga nesa, ranar da kuɗin ya makara murhu ya kan mutu.

Waɗansu ƙasashe sun yi wa abin dabara. Indiya ta kafa gidajen renon yara na unguwanni tun 1975, inda a ke ba 'yan ƙasa da shekara shida abinci. Ƙasar Barazil kuwa ta yi doka cikin 2009, ta ce aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin makaranta a kashe shi wajen ƙananan manoma na yankin. Abin koyi a nan shi ne, sun soma da ƙarami, sun kuma sayi kaya kusa da gida.

HANYOYIN BIYA

Inda babu abincin Gwamnati, hanya uku a kan bi. Ta farko, uwa ta ƙunsa wa ɗanta abinci ko ta ba shi kuɗin tara. Sauƙinta shi ne babu lissafi, aibinta kuwa ɗan mai hali ya buɗe kwano da shinkafa da nama, maraya na gefe yana kallo. Ta biyu, makaranta ta cusa kuɗin abinci cikin kuɗin makaranta. Nan ma akwai haɗari, domin ranar da albashin malamai ya gaza, kuɗin cefane a kan fara taɓawa, iyaye kuwa ba su da hanyar ganewa. Ta uku, iyaye su yi karo-karo mako mako, a danƙa wa mace guda amintacciya ta dafa wa ajin duka. Wannan ita ta fi dacewa da talaka, amma fa sai an tsare ta da rubutu.

Akwai kuma wata hanya da ba a faɗi, ita ce malama ta ga yaro yana kuka ta sa hannu cikin jakarta ta saya masa awara. Allah ya saka mata, amma albashinta ba zai ɗauki aji ba, kuma bai kamata unguwa ta jingina nauyinta ga tausayin mutum ɗaya ba.

LISSAFI

A ƙaddara aji mai yara 40, a ce kuma abincin kowane yaro zai ci Naira 150 a rana. Wannan misali ne kurum, kowace makaranta sai ta sa farashin kasuwarta. Kuɗin rana ya zama Naira 6,000, na mako mai kwana biyar Naira 30,000, na zango mai mako 13 Naira 390,000. In biyar daga cikin yaran marayu ne ko 'ya'yan marasa ƙarfi, rabonsu Naira 750 ne a rana, watau Naira 48,750 a zango. Kuɗin nan ya fi ƙarfin gwauruwa, amma bai fi ƙarfin attajirai biyu ko uku na unguwa ba, in an nuna musu shi a rubuce.

Wajen lissafi a kan manta da abu huɗu: itace ko gawayi, da ruwa, da kuɗin niƙa, da ladan mai dafuwa. In ba a rubuta su ba, dole ta cire su daga cikin wake da mai, sai kwanon yaro ya rage, a koma ana zarginta da abin da ba laifinta ba. Har wa yau, abin da ke ajiyuwa, kamar wake da gero da gyaɗa da manja, a saye shi da yawa da kaka sa'ad da ya ke da araha. Kayan miya kaɗai za a riƙa saye kullum. Cefane bashi kuwa a guje shi, gama mai ba da bashi shi ke yanke farashi.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Hakimi ba shi ne mai makaranta ba, amma shi ne uban ƙasa, kuma dagatai da masu unguwanni su kan zauna cikin kwamitocin kula da makarantu. Ga abin da ya kamata ya tsaya a kai.

1. A raba kuɗin abinci da kowane irin kuɗi, a yi masa littafinsa dabam.

2. Mai karɓar kuɗi dabam, mai cefane dabam, mai duba littafi dabam. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

3. Kowa ya biya a ba shi rasit, kowane cefane a rubuta ranarsa da adadin mudu da kuɗinsa.

4. A karanta wa iyaye lissafi a ƙarshen kowane wata, a kuma sāke duban farashi a farkon kowane zango. Lalle a sa mata cikin masu dubawa, gama su suka san abin da mudu ke ciyarwa.

5. A makarantar Gwamnati karo-karo na son rai ne, kada ya rikiɗe ya zama haraji, domin doka ta ce ilmin tushe kyauta ne.

6. Kada a kori yaro ko a ware shi gefe don ubansa bai biya ba. Bashin na uba ne. Mai unguwa ya kai sunayen marasa ƙarfi a asirce, a nema musu daga sadakar masu hali.

Malamin hakimi kuwa, sa'ad da aka fita rangadi, ya nemi littafin abinci, ya gwada yawan yaran da ke cikin rajista da yawan waɗanda ya gani zaune, ya tambayi abin da aka dafa jiya. In lissafi ya saɓa, ya rubuta ya kai gaba, kada ya tsaya yin shari'a a gaban yara.

Yaran nan da ke rabin aji yau a Kinkinau, nan da shekara ashirin su ne masu gida, su ne malamai da 'yan kasuwa na garin. Abin da aka zuba musu a kwano yanzu yana cikin abin da zai nuna irin ƙarfin jiki da na hankali da za su taso da shi. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya raya mana zuriya, amin.