Rama a cikin roba

Ramar nan da muke kwaɗo da ganyenta, muke tufka igiya da ɓawonta, ashe tana da aiki a masana'antar roba.

Ɗanyar roba ba ta da tabbas: zafi ya sa ta danƙo, sanyi ya sandarar da ita. Charles Goodyear ne ya gano a 1839 cewa dafa ta da farar wuta na ba ta ƙwari. Duk da haka tana son abin da zai riƙe ta. Tayoyin da can ma da zaren auduga ake ɗaure cikinsu.

Yau masu bincike a Malesiya da Indiya suna yayyanka zaren rama da na ɓawon kwakwa gajeru-gajeru, su cuɗa da roba. Kayan yakan yi tauri ta inda zaren ya miƙe, abin da bel ɗin inji ke so ke nan, sai dai talewarsa na raguwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne jituwa. Zare na shan ruwa, roba kuwa ba ta ga maciji da ruwa. Shi ya sa ake jiƙa zaren a ruwan soda ya yi kaushi, roba ta samu wurin kamawa. In ba haka ba, ana ja sai ya zame.