Kafin Ka Karɓi Makullin Motar Haya

'Yan'uwa na Yakasai da ke zirga-zirga zuwa Dubai da Jidda, ko fatauci ko Umara: lasisin tuƙinmu na gida ba ko'ina yake wadatarwa ba. Kafin tafiya, a nemi lasisin ƙasa da ƙasa daga hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, a haɗa da na gida, domin tare ake nuna su.

Kamfanin hayar mota zai nemi fasfo da katin banki, ya riƙe kuɗin ajiya, kuma daga ciki yake cire tara. A Saudiyya kyamarorin Saher ke kama mai gudu da mai tsallake danja. A Dubai ƙofofin Salik na cajin mota tana wucewa. Babu jami'in da za ka roƙa ya yi maka afuwa.

Abin da ya fi damuna inshora ce. Mutum ya sa hannu bai karanta ba, sai an goga masa mota ya ji kuɗin da ke wuyansa. Don Allah, Alhaji, karanta takardar, ka ɗauki hoton motar kafin ka tayar.

Mai zuwa Ingila kuwa, can hagu ake bi, hannun da Najeriya ta bari tun 1972.