Hanyar Mota A Kan Daskararriyar Ƙasa

Da yawa daga cikinku direbobi ne, ba sai an gaya muku wahalar hanyar da ta lotsa ba. To, yau zan kai ku can ƙuryar arewacin duniya, wato Alaska da Kanada da Saberiya, inda ƙasa take a daskare shekara da shekaru. Samanta kaɗai ke narkewa lokacin zafi. A ƙarƙashi kuwa ƙanƙara ce ta ɗaure yashi da laka, ita ce kuma ke ɗauke da nauyin duk abin da aka gina.

A 1942 sojojin Amurka suka yanka hanyar Alaska, mai tsawon kimanin kilomita 2,700, cikin wata 8. Da suka iso irin wannan ƙasa, sai suka sa katafila ta kankare ciyawa da gansakukar da ke samanta. Ashe wannan shi ne bargon da ke kare ƙanƙarar daga rana. Ƙasa ta narke ta zama taɓo, motoci suka kafe, tilas suka koma jera gumagumai suna zuba ƙasa a kai.

Yanzu abin da ya gaji gumaguman nan shi ne wata shimfiɗa da ake saƙawa da zaren roba, kamar buhun taki, amma ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Tana hana tsakuwa nutsewa cikin laka, ruwa kuwa ya ratsa ta ya wuce. In an jera ta hawa-hawa cikin cikon hanya, sai ta riƙe gefunan kada su zame. Wani wurin kuma akan binne allunan farin soso, irin wanda ake kunshe rediyo a kwali, don su tare zafi.

Kanada ta buɗe hanyar Inubik zuwa Tuktoyaktuk a 2017, kilomita 138. Da hunturu aka yi cikon, ba a tone ƙasa ba, kuma an bar ta da tsakuwa, babu kwalta. Baƙar kwalta tana shan rana, ta aika da zafin ƙasa.

Sai dai kada a yi wa shimfiɗar nan yabon da ya wuce kima. Ba ta hana ƙanƙara narkewa, ga shi kuma arewacin duniya ya fi ko'ina saurin ɗumama. Abin da take yi shi ne ta sa hanya ta lotsa sannu a hankali, har ma'aikata su iso da cikonsu kafin ta dare gida biyu.