Mu Duba Fuskar Kwamfuta Kafin Mu Biya



Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta kacokan, shi ya sa muke sayo 'yan gwanjo daga Kano domin yaran Kafin Dafga su saba tun daga firamare. Hoton fuskarta tarin ƙananan ɗigo ne, kuma wasu kan lalace. Mu goge ƙura, mu cika fuskar da fari: mataccen ɗigo zai fito baƙi. Mu mayar da ita baƙa: maƙalalle zai haska ja, kore ko shuɗi. Maƙalalle kan farfaɗo, matacce kuwa da wuya. Ɗigo ɗaya na iya sa yaro ya karanta 25 a matsayin 2.5. Mu duba tun a shago, kafin kuɗin gumin iyaye su bar hannunmu.