A Bar Yaro Ya Taka Zuwa Makaranta, Amma Ba Shi Kaɗai Ba

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zango

 

Da rajistar ajina zan fara. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, na soma ganin wani irin fashi da ban saba da shi ba. Yaro ya zo Litinin da Talata, ya ɓace Laraba, ya dawo Alhamis. Ka tambaye shi, ba ciwo ya yi ba, kuɗin adaidaita sahu ne ba a samu ba. Wata ɗaliba da na bi sawun lamarinta, tsakanin gidansu da ƙofar makaranta bai wuce tafiyar minti ashirin ba.

Mafi yawanmu a zauren nan da ƙafa muka yi makaranta, mai sa'a kuma a bayan keken yayansa. Yau an wayi gari wasu iyaye na jin nauyin a ga ɗansu yana takawa, kada a ce sun gaza. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum. Mai tafiya da hanzari minti ashirin da safe, ashirin bayan an tashi, ya riga ya samu kashi biyu cikin uku. Mu malamai kuwa mun san yadda filayen wasa suka koma ajujuwa a makarantu da dama, mun kuma san darasin da ake fara sadaukarwa idan jarrabawa ta matso.

Sai dai ba zan raina tsoron iyaye ba, domin ni ma uba ne. Akwai masu tuƙin ganganci, akwai fargabar satar yara, akwai kuma samarin bakin hanya da ke takura wa 'yan mata. Uwar da ta hana 'yarta fita ita kaɗai tana da hujja. Maganin abin shi ne ayari. Yaran unguwa guda su haɗu a wuri sananne, ƙofar masallaci ko gidan mai unguwa, su tashi a lokaci guda, manyan ɗalibai gaba da baya, iyaye su riƙa karɓa-karɓa wajen rakiya. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Akwai abin da ya rataya a wuyanmu mu kaɗai. Mu koya wa yara cewa mai ƙafa hagu yake bi, yana fuskantar motocin da ke tahowa, mai keke kuma dama yake bi tare da su. Mu ware inuwa kusa da maigadi don ajiye kekuna, domin babu uban da zai sayi keke a tsadar nan ya bar shi inda za a ɗauke. Mu rage littattafan da muke sa su ɗauko kullum. Kuma, don Allah, yaron da ya tako daga nesa cikin sanyin hunturu ya makara da minti biyar, kada bulala ce za ta tarbe shi a ƙofa. Gobe ba zai zo ba. Wanda gidansu ya yi nisa ƙwarai, ko ɗan ƙarami a zafin bazara, ba shi nake nufi ba.

Roƙona shi ne kowace makaranta ta zo taro na gaba da jerin unguwannin da ɗalibanta ke fitowa, da mararrabar da ta fi haɗari a hanyarsu. Da wannan takarda reshe zai je wa kwamitin iyaye da malamai, da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, a nemi alamar tsallakawa da mai tsayar da motoci a lokacin zuwa da tashi.