Ƙuruciya a Hannun Ɗalibi Mai Zane: Misalin Uche Okeke a Zariya



Ɗalibin da ya shiga makarantar koyon zane yakan zo da guzurin da ba a tambaye shi ba a takardar shiga, watau abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji tun yana yaro. Tambayar da ke gaban wannan zama ita ce, ina zai kai wannan guzuri idan malamansa ba su san darajarsa ba?

A 1955 aka dawo da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, tsarin karatun kuma na ƙasarsu ne: awon jikin mutum, da haske da inuwa, da nisa da kusa. Ilmi ne mai amfani, amma ba ya tambayar yaro tatsuniyar da uwarsa ta ba shi. A 1958 waɗansu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don neman mafita.

Okeke, wanda aka haifa a 1933, Ibo ne, amma a Kafanchan ya tashi, garin mahaɗar jirgin ƙasa. Ke nan wani babban rabo na ƙasar iyayensa ta baki ta zo masa, cikin tatsuniyoyi. Da ya zauna zane a Zariya sai ya ɗauki alƙalami da tawada ya shiga fitar da siffofin dodanni da iskokin tatsuniyoyin nan, masu murɗaɗɗun gaɓoɓi, waɗanda babu wanda ya taɓa tsayar da su a gaban aji a auna su. Duk Bahaushen da aka ce ya zana Dodo ko Ƙoƙi zai gane wuyar aikin, domin kowa ya san su, amma ba wanda ya gan su. Daga baya ya koma ga uli, watau zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya, ya ɗauko siririn layinsa mai lanƙwasa.

Abin lura shi ne bai yi wa ƙuruciya kwalliya ba. Ɗalibai da yawa sukan zana yara suna wasa a farin wata, su manta cewa daren ya ƙunshi tsoro. Okeke tsoron ya riƙe, ya kuwa zana shi da hannun da Turawan suka horar. Wannan haɗi na gida da waje shi ne ra'ayin da ya shimfiɗa wa ƙungiyar a 1960. Tatsuniyoyin kuma ya buga su littafi da zanensa a 1971.