C6 DA D7 BA ƊAYA BA NE

Jawabin da aka yi wa iyaye da ɗalibai a Kaduna



Kowace shekara, da sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai ka ji gidaje daga Kawo har Unguwar Rimi sun yi tsit kamar an yi rashi, wai don yaro bai kawo A1 ba. To, jama'a, ku saurara. Darajar jarrabawan nan hawa tara ce, daga A1 zuwa F9. Daga A1 har C6 duka kiredit ne. Abin da jami'a ke fara nema kuwa kiredit biyar ne cikin darussan da suka dace da abin da yaro zai karanta, da Turanci a ciki, da Lissafi ga mai son kimiyya. Watau mai C6 biyar ya sami shiga zaure, daidai da mai A1 biyar.

Inda gizo ke saƙa shi ne D7. Taki ɗaya ne tsakaninsa da C6, amma ba kiredit ba ne. Yaro ya ci A1 bakwai, ya sami D7 a Turanci, ƙofa ta rufu. Wannan lalle abin takaici ne, sai dai yana da magani. Yawancin fannoni suna karɓar sakamako biyu a haɗe, na WAEC da na NECO, ko na bana da na baɗi. Amma mai son likitanci ya bincika tukuna, gama jami'o'i da yawa ba su yarda da haɗi a nan.

Sa'an nan shiga zaure ba shi ne ganin maigida ba. Akwai jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, mai maki 400. A 2025 an ce mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne. Kada wannan ya ruɗe ku! Wa ya taɓa shiga likitanci ko lauya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da 150? Masu nema dubbai ne, guraben kaɗan. A nan ne C6 ke iya cizon yaro, domin waɗansu jami'o'i suna ba kowace daraja maki, su tara da na JAMB. Mai raunin takarda, ashe, sai ya rama a JAMB.

Ku kuma san yadda jami'o'in Tarayya ke rabo: kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi maki, 35 na 'yan yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari baya a ilmi. Ɗan Kaduna ɗan yanki ne a Zariya. Ga kuma Jami'ar Jihar Kaduna a titin Tafawa Balewa, tun 2004. Makarantar Horon Hafsoshi, NDA, ita daban take: bayan takarda akwai gwajin jiki da na lafiya.

Wanda duk wannan ya kuɓuce masa, akwai makarantar share fage ta Funtuwa, akwai kuma IJMB, wadda in yaro ya ci yakan fara daga aji biyu na jami'a.

Amma fa duk hanyoyin nan kuɗi suke ci. Ɗan mai hali ya faɗi, a sake biya masa, a ɗauko masa malami har gida. Ɗan leburan Kasuwar Barci fa? Sau ɗaya ubansa ke iya biya, da ƙyar. Kuma sau nawa D7 ɗin nan laifin yaro ne, alhali ajinsu ya cika maƙil, malamin Turanci kuwa ɗaya? Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jiha ta ɗauki kuɗin sake jarrabawa ga ɗan makarantar gwamnati da darasi ɗaya tak ya kayar.

Ku iyaye, gobe ku ɗauko takardar, ku ƙirga kiredit tare da yaron, ku duba Turanci da fari.